Mustafa Alasan, mai sa zane ya yi motsi

In damina ta sauka a Gaya, da magariba ta yi sai kukan kwaɗi ya cika gari. Ana jin su a bakin kogi, da cikin fadamun shinkafa, da tabkunan bayan gari. Yara sun san kwaɗo sarai. Sun san kumburarren cikinsa, da manyan idanunsa, da yadda yake zama kamar wani basarake a fada. Amma ba kowane yaro ya san cewa an taɓa yin wani ɗan Nijar da ya ɗauki kwaɗo ya naɗa shi shugaban ƙasa ba. Ya sa shi cikin jirgin sama, ya sa sojoji suka yi masa fareti, mutanen ƙasashe da yawa suka kalla suka yi dariya.

Sunan mutumin nan Mustafa Alasan. Da Faransanci ana rubuta sunansa Moustapha Alassane. An haife shi a shekara ta 1942, ya rasu a shekara ta 2015. Aikinsa shi ne shirya fim, kuma ya fi yin suna wajen fim na zane mai motsi, wanda yara suke kira katun. Yana cikin mutanen farko da suka yi irin wannan aiki a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara.

Wasan inuwa

Lokacin da Mustafa yake yaro, babu talabijin a Nijar. Gidajen silima kaɗan ne, su ma sai a manyan garuruwa. Da dare yara sukan taru a dandali, ko su zauna gaban tsohuwa ta yi musu tatsuniya.

Mustafa yaro ne mai son zane. Ya lura da wani abu wanda kowa yake gani amma ba kowa yake kula da shi ba. In mutum ya sa hannunsa gaban fitila, inuwar hannun takan fito a bango. In ya matsa kusa da fitilar sai inuwar ta girma. In ya ja baya sai ta ƙanƙance. In ya motsa yatsunsa, inuwar ma sai ta motsa.

Sai ya shiga yanka siffofin mutane da na dabbobi, yana riƙe su gaban fitila, yana motsa su. Abokansa suna zaune suna kallon inuwa tana tafiya, shi kuwa yana ba da labari. Da fitila da abin da ya yanka da hannunsa ya yi silimarsa ta farko.

Wasan inuwa tsohon abu ne a duniya. An daɗe ana yin sa a Sin da Indonesiya da Turkiyya. A Jamus ma wata mace mai suna Lotte Reiniger ta yi dogon fim da yankakkun siffofi na baƙar takarda a shekara ta 1926. Mustafa ya kai ga wannan dabara tun yana yaro, da kayan da ke kusa da shi.

Da ya tasa sai ya koyi aikin makanike. Wannan sana'a ta amfane shi ƙwarai daga baya. Makanike ya san yadda ake kwance inji a mayar da shi. In wani ƙarfe ya lalace kuma babu sabo, ya san yadda zai yi dabara. Mai shirya fim a ƙasar da kayan aiki suke da wuyar samu yana bukatar irin wannan hannu.

Haɗuwa da Jean Rouch

Nijar ta sami mulkin kai ranar 3 ga watan Agusta na shekara ta 1960. A wannan zamani akwai wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch da ke yawan zama a Yamai. Ya fara zuwa Nijar ne a matsayin injiniyan hanyoyi, daga baya ya koma binciken al'adun mutanen bakin kogi yana ɗaukar su a fim. Shi ne ya sa Umaru Ganda cikin fim ɗinsa mai suna «Moi, un Noir» na shekara ta 1958. Umaru Ganda kuwa ya zama babban mai shirya fim na Nijar.

Mustafa ya sadu da Jean Rouch a cibiyar binciken al'adu ta Yamai. Rouch ya ga saurayin yana da baiwar zane da ƙwazon aiki, sai ya ja shi a jiki. A nan Mustafa ya koyi riƙon kamara da sauran ayyukan fim.

A shekara ta 1962 ya fito da gajerun finafinai guda biyu. Na farko sunansa «Aouré», wato aure. Yana nuna yadda saurayi da budurwa suke haɗuwa har a kai ga biki a wani ƙauyen Zabarmawa na bakin kogi. Na biyu sunansa «La Bague du roi Koda», wato zoben sarki Koda. Labarin wani mugun sarki ne da ya ba wani masunci ajiyar zobe, ya ce in ya ɓatar da shi a bakin ransa. Sarkin ya yi makirci aka ɗauke zoben, ya jefa shi cikin kogi. Amma da Allah ya tashi kuɓutar da masuncin, sai ya kama kifi ya tarar da zoben a cikinsa.

Waɗannan finafinai biyu mutane ne suka yi wasa a ciki. Suna cikin na farko da ɗan Nijar ya shirya da kansa. Sun ma riga «Borom Sarret» fitowa, fim ɗin Usman Sembene na ƙasar Senegal, wanda aka yi a shekara ta 1963. Tun daga nan ana iya ganin hanyar da Mustafa ya zaɓa: labaran gida, da mutanen gida, da kogin da kowa ya sani.

Yaya zane yake motsi?

Zane a kan takarda ba ya motsi. To, ta yaya kwaɗon da aka zana yake tsalle a fim?

Ga misali. In yaro ya ɗauki icen da ke da wuta a bakinsa ya juya shi da sauri cikin duhu, masu kallo sukan ga zoben wuta. Alhali kuwa babu wani zobe. Wutar wuri ɗaya take a kowane lokaci. Saurin juyawar ne ya sa ido da ƙwaƙwalwa suka haɗa wuraren duka suka zama abu ɗaya.

Haka fim yake. Fim jerin hotuna ne marasa motsi. Kowane hoto ya ɗan bambanta da wanda ya gabace shi. Injin silima yana nuna hoto 24 cikin sakan ɗaya. Saboda saurin nan ido ba ya iya raba su, sai mai kallo ya ga abu yana tafiya.

In mutane ne suke wasa, kamara ita ke ɗaukar hotunan nan 24 da kanta, tana bin motsinsu. Amma a fim na zane babu mai motsi. Dole mai zane ya zana motsin da hannunsa, kaɗan-kaɗan. Zai zana kwaɗo a zaune. A takarda ta biyu zai zana shi ya ɗan ɗaga. A ta uku ƙafafunsa na baya sun fara miƙewa. A ta huɗu ya bar ƙasa. Haka zai yi ta yi har kwaɗon ya sauka. Sa'an nan a ɗora zane na farko ƙarƙashin kamara a ɗauka, a cire, a ɗora na biyu a ɗauka, har a gama.

Ga lissafin. Minti ɗaya sakan 60 ne. In aka ninka 60 sau 24 za a sami hoto 1440. Fim na minti biyar yana da hoto 7200. Don rage wahala, masu zane sukan ɗauki kowane zane sau biyu, sai ya zama zane 12 cikin sakan ɗaya. Duk da haka minti biyar yana bukatar zane 3600. Mutumin da yake yin zane 20 kowace rana sai ya yi kwana 180 kafin ya gama, wato wajen wata shida.

Akwai dabarun sauƙaƙa aikin. Tafiya maimaici ce: ƙafar dama, ƙafar hagu, ƙafar dama. Saboda haka ana iya zana taku biyu kawai a yi ta maimaita su. Abin da ba ya motsi kuma, kamar gida ko itace, sau ɗaya ake zana shi. Abin da ke motsi sai a zana shi a kan wata leda mai haske da ake gani ta cikinta, a ɗora a bisa. Amma ko da dabarun nan, aikin na mai haƙuri ne.

Wani Bafaranshe, Emile Cohl, ya yi ɗaya daga cikin finafinan zane na farko a shekara ta 1908. A Amurka, Walt Disney ya fito da ɓeran nan Mickey cikin fim mai sauti a shekara ta 1928. A shekara ta 1937 ya yi dogon fim na zane mai launi, wanda ɗaruruwan ma'aikata suka yi wa aiki. Mustafa ba shi da ɗaruruwan ma'aikata, ba shi da kuɗin Disney. Sai ya nemi hanyar da mutum ɗaya ko mutane kaɗan za su iya bi.

Tafiya Kanada

Jean Rouch ya taimaka masa ya tafi ƙasar Kanada. A birnin Montreal akwai ma'aikatar fim ta gwamnatin ƙasar. A can ya sadu da Norman McLaren, wani gwanin zane mai motsi ɗan asalin Sikotilan, wanda aka haifa a 1914, ya rasu a 1987.

McLaren mutum ne mai gwaje-gwaje. Wani lokaci ba ya amfani da kamara sam. Yakan ɗauki zaren fim ɗin kansa ya yi zane a kai da alƙalami, hoto bayan hoto. Wani lokaci kuma yakan ɗauki mutane masu rai hoto ɗaya-ɗaya, sai su fito suna motsi kamar ƴan tsana. Da wannan dabara ya yi wani gajeren fim a 1952 a kan maƙwabta biyu da suka hallaka juna saboda fure ɗaya. Fim ɗin ya ci babbar kyautar nan ta Oscar.

Aikin McLaren ya nuna cewa ana iya yin fim mai ma'ana da kaya kaɗan. Wannan ya dace da halin Mustafa. Ya koyi abin da zai koya, ya komo gida.

Ƙasar kwaɗi

A shekara ta 1965 ya gama fim ɗin zane mai suna «La Mort de Gandji», wato mutuwar Ganji. Labarin yana faruwa a fadar wani sarkin kwaɗi da fadawansa. A shekara ta 1966 aka yi babban bikin fasahar baƙar fata na duniya a Dakar, zamanin shugaba Senghor. Aka nuna fim ɗin a can, ya ci kyauta.

A wannan shekara ta 1966 ya fito da «Bon voyage, Sim», wato a sauka lafiya, Sim. Fim ne na wajen minti biyar, zanen baƙin layi a kan farin fili. Sim shugaban ƙasar kwaɗi ne. Shugaban wata ƙasa maƙwabciya ya gayyace shi ziyara. Ya shiga jirgin sama, aka tarye shi da kaɗe-kaɗe da fareti da dukan girmamawar da ake yi wa shugabanni.

A lokacin nan ƙasashen Afirka da yawa ba su daɗe da samun mulkin kai ba. Kowace tana da sabuwar tuta da sabon take da sojojin fareti. Shugabanni suna yawan kai wa juna ziyara, ana kashe kuɗi mai yawa wajen tarya, talakawa suna tsaye cikin rana suna tafi. Wanda ya kalli Sim yakan yi dariya, don kwaɗo ne ake yi wa wannan hidima duka. Bayan dariyar kuma sai ya tambayi kansa: me ziyarar ta ƙara wa sauran kwaɗin?

Me ya sa Mustafa ya zaɓi dabbobi? Wanda ya saba jin tatsuniya ya san amsa. In tsohuwa tana son ta yi maganar mai wayo sai ta ce Gizo. In tana son ta yi maganar mai haɗama sai ta ce Kura. In mai ƙarfi ne sai ta ce Zaki. Ba ta kama sunan kowa ba, amma duk wanda ke zaune ya gane. Mai laifi ma ba shi da bakin yin fushi, don in ya yi fushi ya nuna cewa da shi ake. Mustafa ya ɗauki wannan tsohuwar hikima ya sa ta cikin sabon abu. Kwaɗo kuma yana da sauƙin zane: ƙaton ciki, faffaɗan baki, idanu biyu a bisa. Da layi kaɗan ya fito, ga shi da ban dariya tun bai yi komi ba.

Finafinan da mutane suka yi wasa

Mustafa bai tsaya ga zane kaɗai ba. A shekara ta 1966 ɗin dai ya yi «Le Retour d'un aventurier», wato komowar ɗan yawon duniya. A zamanin nan gidajen silima suna yawan nuna finafinan kaboyi na Amurka, samari kuma suna kwaikwayon su. A fim ɗin, wani saurayi mai suna Jimi ya komo ƙauyensu daga tafiya. Tsarabar da ya kawo wa abokansa ita ce kayan kaboyi: malafa da takalma da bindigogi. Suka sa kayan, suka sake sunayensu, suka hau dawaki. Da farko abin wasa ne. Daga baya ya zama sata da faɗa da raina dattawa, har aka kai ga zub da jini. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Cikin waɗanda suka yi wasa a fim ɗin akwai Jingare Maiga, wanda shi ma ya zama mai shirya fim. Akwai kuma Zalika Sule. Wannan ne fim ɗinta na farko, daga nan ta zama sananniyar ƴar wasa ta Nijar. Ta rasu a shekara ta 2021.

A shekara ta 1972 ya yi dogon fim mai suna «F.V.V.A.». Haruffan nan farkon kalmomi huɗu ne na Faransanci: femme, villa, voiture, argent. Ma'anarsu mace, da gidan ƙasaita, da mota, da kuɗi. Labarin wani ƙaramin ma'aikaci ne mai suna Ali. Albashinsa kaɗan ne, amma yana son ya rayu kamar manya. Sai ya taɓa kuɗin da ba nasa ba, ya ƙare a gidan kaso. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

A zamanin babban farin da ya sami ƙasashen Sahel a farkon shekarun 1970, ya yi «Toula» tare da wata Bajamusa mai suna Anna Soehring. An ɗauko labarin daga rubutun Bubu Hama, babban marubucin Nijar. Ruwa ya ƙafe a wata ƙasa. Boka ya ce sai an ba aljanin ruwa budurwa kafin a sami ruwa, aka zaɓi Tula. Saurayin da ke son ta ya tafi neman ruwa don ya cece ta, amma kafin ya komo an riga an yi abin da za a yi. Mutanen da suka kalli fim ɗin a lokacin sun san fari da idonsu, ba labari aka ba su ba.

Ƴan tsana masu rai

Akwai wata hanyar yin fim mai motsi ba tare da zane ba. Ana ƙera ƴar tsana, a sa waya a cikin jikinta don hannu da ƙafa su iya lanƙwasawa su tsaya inda aka bar su. A tsayar da ita gaban kamara a ɗauki hoto ɗaya. A ɗan ɗaga hannunta kaɗan, mai aikin ya janye nasa hannun, a ɗauki wani hoto. A ƙara ɗagawa, a ƙara ɗauka. In aka nuna hotunan da sauri sai a ga ƴar tsana ta ɗaga hannu da kanta. Dole kamara ta tsaya wuri ɗaya, haske kuma kada ya sake. In wani ya yi tuntuɓe da teburin, aikin yini guda yana iya lalacewa.

Da wannan hanya Mustafa ya yi «Samba le Grand», wato Samba mai girma, a shekara ta 1977, kuma mai launi ne. Labarin wani jarumi ne da ya nemi auren wata gimbiya. Ta ɗora masa ayyuka masu wuya, yana gama wannan ta kawo wani. A ƙarshe mutuwa ce ta haɗa su.

Daga baya ya yi «Kokoa», wato kokowa. Duk ɗan Nijar ya san kokowa. Ya san fili, da makaɗa, da kirari, da yadda ƴan kallo suke tashi tsaye in an yi kaye. A fim ɗin dabbobi ne suke kokowar, cikinsu har da kwaɗi da hawainiya. Yaron da bai iya Faransanci ba yana gane fim ɗin daga farko har ƙarshe, don abin da ya saba gani ne.

Malami a Yamai, mai masauki a Tawa

Mustafa ya shugabanci sashen silima na jami'ar Yamai har shekara 15. Ya koya wa matasa aikin kamara da na zane.

Shekarun 1960 da 1970 lokaci ne mai kyau ga silimar Nijar. An fara bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a shekara ta 1969. Da aka fara ba da babbar kyautar bikin a 1972, ɗan Nijar ne ya fara cin ta, wato Umaru Ganda, da fim ɗinsa «Le Wazzou polygame». Umaru Ganda ya rasu a 1981, aka sa wa wani babban gidan al'adu na Yamai sunansa.

Amma aikin yana da wuya. Zaren fim daga waje ake sayo shi. Bayan an ɗauka kuma sai an aika da shi Turai a wanke, mai aikin ya zauna jira kafin ya ga abin da ya ɗauka. Daga shekarun 1980 kuɗin yin fim ya yi ƙaranci a Nijar. Bidiyo ta shigo gidaje, gidajen silima suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Mustafa bai bar aikin ba. Ya koma Tawa da zama, ya riƙe wani masaukin baƙi. A cikin masaukin ya keɓe wurin aikinsa, inda yake ƙera ƴan tsanarsa yana ɗaukar su. Da kwamfuta ta zo, ya koyi aiki da ita ko da yake ya manyanta. Gaba ɗaya ya shirya finafinai wajen talatin.

A shekara ta 2007, a wurin bikin finafinai na Cannes, ƙasar Faransa ta ba shi lambar girma ta Légion d'honneur. A 2009 wasu masu shirya fim biyu, Maria Silvia Bazzoli da Christian Lelong, suka yi fim a kan rayuwarsa. Allah ya yi masa rasuwa a Wagadugu ranar 17 ga watan Maris na shekara ta 2015. Bayan rasuwarsa, a 2017, wani babban gidan adana kayan fasaha na birnin New York mai suna MoMA ya shirya nunin finafinansa.

Abin da ya bari

Mustafa Alasan ya bar abu uku.

Na farko, finafinansa. A cikinsu akwai kogin Isa, da ƙauyuka, da tufafi, da bukukuwa, kamar yadda suke shekaru sittin da suka wuce. Akwai kuma labaran da da baki kawai ake ba da su. Tsohuwar da ta san labari tana iya rasuwa da shi, amma wanda aka sa a fim yana iya kai wa jikoki in an adana shi da kyau.

Na biyu, hanyar faɗin gaskiya cikin raha. Ya yi maganar masu mulki, da masu kwaɗayi, da masu kwaikwayon baƙi ido rufe. Bai zagi kowa ba. Ya sa mutane dariya, suka tafi gida suna tunani.

Na uku, misalin aiki da abin da ke hannu. Bai zauna jiran kayan Disney ba. Ya fara da fitila, ya ƙare da kwamfuta, tsakaninsu kuma ya yi aiki da duk abin da ya samu.

Yau yaran Gaya suna kallon katun a talabijin da wayar hannu. Yawancinsu daga Amurka da Japan da Faransa suke zuwa. Yaro yana iya kawo sunayen jaruman katun goma na waje, bai taɓa jin sunan Sim ba. Kallon na waje ba laifi ba ne, Mustafa kansa ya je Kanada ya koyo. Amma in ba a sami masu zana labaran gida ba, Gizo da Ƙoƙi za su rasa wurin zama a idon yara masu tasowa. Labaran masuntan bakin kogi, da na fataken da ke ƙetare gada zuwa Malanbil, da na kasuwar Kamba, babu wanda zai zo daga nesa ya zana su kamar wanda ya tashi a cikinsu. Wayar hannu ta yau kuwa tana ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya cikin sauƙi, kuma ba sai an aika da komi Turai an wanke ba.

Aikin yi

Ku sami tsohon littafin rubutu da fensir. A kusurwar shafi na ƙarshe, daga ƙasa, ku zana ƙaramin kwaɗo a zaune. Ku saki shafi ɗaya a kansa. Za ku hangi zanen farko ta cikin takardar. Ku sake zana kwaɗon a wurin, amma ya ɗan ɗaga kaɗan. Ku ci gaba haka har shafi 12: shida yana hawa, shida yana sauka. Sa'an nan ku kama kusurwar da babban yatsa, ku saki shafukan da sauri daga na ƙarshe. In kwaɗon ya yi tsalle, aiki ya yi kyau. In ya yi fizge-fizge, to, tazarar da ke tsakanin zanen ta yi yawa. Sai a sake, a rage ta.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Mustafa Alasan, a wace shekara ya rasu?
2. Wace sana'a ya koya kafin ya shiga aikin fim? Ta yaya ta amfane shi?
3. Hoto nawa injin silima yake nunawa cikin sakan ɗaya? Hoto nawa ke cikin fim na minti uku?
4. Me ya sa ya sa kwaɗi a matsayin shugabanni maimakon mutane?
5. Mene ne bambancin fim na zane da fim na ƴan tsana?
6. Wace tatsuniya ta garinku kuke so a mayar fim? Ku faɗi dalili.